Melatonin ɗin da nake sha ya daina yi min aiki, in ƙara ne?

Tambaya: Salam likita, dan Allah ina cikin damuwa. Wata uku kenan barci baya ɗaukata sai wajen biyun dare. Wata ƙawata ta haɗa ni da mai saida melatonin a WhatsApp, irin mai kama da alawar nan, tace ai ba shi da illa tunda jiki ma yana yin sa. Da ɗaya nake sha, yanzu biyu amma shiru. In ƙara ne? Sannan yarona ɗan shekara 4 shima baya kwanciya da wuri, zan iya gutsura masa? Daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Kar ki ƙara, yaron kuma kar ki ba shi ko ɗan gutsure.

Melatonin ba irin su Valium bane da ke kwantar da mutum ko yana so ko baya so. Ƙwaƙwalwa ce ke sakin sa idan duhu ya shiga, aikinsa irin na ladan ne, ya sanar cewa lokaci yayi amma ba shi zai ɗauko mutum ya kai shi sahu ba. Shi yasa ya fi amfanar wanda agogon jikinsa ya goce, kamar wanda ya sauka daga Amurka dare ya zame masa rana. Ga mai rashin barci na kullum kuwa, binciken da aka tattara a 2013 ya nuna kusan minti 7 kawai yake ragewa a jiran barci. Ƙarin ƙwaya na iya jawo miki ciwon kai da jiri da mafarkai barkatai ki tashi jiki a mace.

To bari in zo kan maganar da ke ɓata min rai, wai ba shi da illa tunda ba na bature bane, na halitta ne. Kullum sai na ji wannan, wallahi har na gaji. Zaƙami ma ai Allah ne ya halicce shi, wa zai jiƙa wa ɗansa? A Ingila ba a saida melatonin sai da takardar likita, yawanci mg 2 ga wanda ya kai shekara 55, shima na makonni 13 ne. A Amurka kuwa a sahun kayan ƙarin abinci suka sa shi, ba a tantance shi kamar magani, kuma irin waɗancan kwalaben ne ake lodowa a jaka ana tallarsu a WhatsApp da TikTok, mai sayarwar jiya atamfa da turare take saidawa yau ta zama likita. A 2017 an gwada irin waɗannan a Kanada aka tarar wasu sun ninka abin da aka rubuta a jikinsu fiye da sau biyar, wasu kuma ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba su kai ba. A 2023 aka gwada masu kama da alawa kala 25 a Amurka, 22 abin da ke ciki bai yi daidai da rubutun ba. Kenan ke kanki ba ki san nawa kike haɗiyewa ba, balle rabin da za ki ba yaro. Kuma yaro alawa yake gani, ranar da ya samu kwalbar ba ɗaya zai ci ba, a can Amurkan rahoton yaran da suka haɗiye shi ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari daga 2012 zuwa 2021.

In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ko kina shan maganin hawan jini ko warfarin mai hana jini daskarewa, dakatar da shi yau. Kar kuma wani mai kemis ya haɗa miki shi da Valium ko Piriton wai don ya fi kamawa.

Wata uku ba barci yawanci akwai abin da ke ƙarƙashi, ko tunani ko damuwa ko waya a fuska har tsakar dare, don hasken nan ke hana melatonin ɗin jikinki fitowa. Ki bar shayi da Nescafe da goro daga la'asar, ki dinga tashi lokaci ɗaya kullum ki fita hantsi ya taɓa ki. Yaron a rage masa barcin yamma, a kashe talabijin bayan isha'i. In sati biyu ba canji ki je asibiti, ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, ba sai mai taɓin hankali ke zuwa can ba. Ki tafi da kwalbar su gani, kafin nan ki kulle ta a durowa.