Tambaya da Amsa: Hutun Hunturu a Arewacin Turai da Kujerar Alfarma a Jirgi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwar riɗi da zoɓo a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Maigatari ta Jihar Jigawa. In ban da aikin Hajji da Umara, ban taɓa zuwa wata ƙasa mai nisa ba. Bana Allah ya sanya wa kasuwa albarka, kuma ina da burin in kai uwargidana hutu arewacin Turai, mu ga dusar ƙanƙara da hasken nan mai launi da ke fitowa a sararin samaniya da dare, wanda yara suke nuna mana a waya. Wani mai shirya tafiye-tafiye a Kano ya kawo mini tsarin kwana biyar a ƙarshen Disamba da tikitin bizines kilas, wato kujerar alfarma a jirgi, ya ce in biya kuɗin gaba ɗaya kafin a nemi biza. Uwargidan tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Shin wannan kujera ta cancanci kuɗinta, kuma me ya kamata mu sani kafin mu tashi?
Daga wani Alhaji, karkarar Maigatari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara albarka, ya kuma ba Hajiya lafiya. Niyyarka abin yabo ce, amma tsarin da aka kawo maka yana buƙatar gyara a wurare uku: kujerar, watan tafiyar, da kuma lokacin biyan kuɗin.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ya sauka kai tsaye a Finlan, Nowe ko Suwidin, saboda haka dole ne ku yada zango, kuma a nan ne ya kamata ka buɗe ido sosai. Idan kuka bi ta Jamus, alal misali, jirgin Lufthansa daga Abuja zuwa Frankfurt yakan yi kimanin awa shida cikin dare, kuma a wannan zangon bizines kilas yana da ma'ana, domin kujerar tana miƙewa ta zama gado, ana ba ku ɗakin hutawa a filin jirgi, ana fara shigar da ku, kuma galibi kowannenku yana da damar jaka biyu masu nauyin kilo 32. Ga mai ciwon gwiwa, miƙe ƙafa tsawon dare ba ƙawa ba ce, lafiya ce. To amma da zarar kun shiga ƙaramin jirgin da zai kai ku Helsinki, babban birnin Finlan, ko Oslo, babban birnin Nowe, abin da kamfanonin Turai suke kira bizines kilas a cikin nahiyarsu kujerar gama-gari ce, sai dai a bar ta tsakiya babu kowa, a kuma inganta abinci. Daga Helsinki zuwa Rovaniemi da ke arewacin Finlan awa ɗaya ce da 'yan mintoci, daga Oslo zuwa Tromso da ke arewacin Nowe kuma kusan awa biyu. Ban ga hujjar biyan kuɗi mai yawa a kan waɗannan gajerun zangunan ba. Ka nemi mai shirya tafiyar ya rubuta maka kowane zango, da sunan kamfani, da irin jirgin, da ajin kujerar, ya kuma fitar maka da farashi iri biyu: na alfarma a dogon zango kaɗai, da na alfarma a duka. Akwai kuma aji na tsakiya da wasu kamfanoni suke da shi, mai faɗin kujera da wurin miƙe ƙafa fiye da na gama-gari ba tare da gado ba, wanda zai iya isar ku a dawowa idan jirgin na rana ne.

Idan kun fi son tashi ta Kano, jiragen da ke bi ta Doha ko Adis Ababa suna kaiwa Oslo da Stockholm, babban birnin Suwidin, sai dai hanyar ta fi tsawo ƙwarai, kuma da yake zangunan biyu dogaye ne, amfanin kujerar alfarma ya fi fitowa a nan. Ku guje wa yada zango a Landan, domin Ingila ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ɗan Najeriya yakan buƙaci wata bizar daban kafin ya ratsa ta. Kowace hanya kuka zaɓa, a haɗa dukan zangunan a tikiti ɗaya, domin idan dusar ƙanƙara ta jinkirta jirgin farko har na biyu ya tashi ya bar ku, kamfanin ne zai nema muku wani. Idan kuwa tikitin biyu ne daban-daban, asarar a wuyanka take. Kada kuma ka manta da hazon gida, wanda ya saba hana jirage tashi da sauka a Kano a Disamba da Janairu. Idan daga Abuja za ku tashi, ku isa can ana gobe tafiya.

Batun wata shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Ƙarshen Disamba shi ne lokaci mafi tsada a wannan yanki, musamman a Rovaniemi, inda masu yawon Kirsimeti suke cika otal-otal, kuma shi ne lokaci mafi duhu. A Helsinki rana ba ta cika awa shida a sama a ranaku mafiya gajarta, a Rovaniemi awa biyu ce da ɗoriya, a Tromso kuwa ba ta ɓullowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Mutumin da ya saba fita gona da hantsi zai ji nauyin wannan duhu a jikinsa da zuciyarsa. Shawarata ita ce ku tafi daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. A lokacin dusar ƙanƙara tana nan jibge, rana tana yin awa tara ko fiye, dare kuma yana da isasshen duhun da za a ga hasken. Wannan ya ma fi dacewa da sana'arka, domin ka gama sayar da riɗi, kuɗin ya zauna a banki, kuma ka sami sararin neman biza cikin natsuwa. Sai dai ka duba kalandar Musulunci, domin watan Ramadan zai iya faɗowa a wannan lokaci.

Shi hasken da kuke son gani yana samuwa ne idan ƙananan ƙwayoyi masu lantarki da ke fitowa daga rana suka ci karo da iskar da ke can sama, daga nisan kilomita 100 zuwa sama, inda maganaɗisun duniya yake jan su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu. Koren launi daga iskar oksijin yake fitowa. Ƙarfinsa yana hawa da sauka bisa zagayen da rana take yi na kimanin shekara 11, kuma a watan Oktoban 2024 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa rana ta kai ƙololuwar zagayen da ake ciki. Abin da mai sayar da tikiti ba zai so ya faɗa maka ba shi ne, babu wanda zai iya yi maka alƙawarin ganinsa, domin idan gajimare ya rufe sama, ko hasken yana can ba za ku gan shi ba. Tsarin kwana biyar, idan aka cire kwanakin hanya, bai fi dare biyu ko uku ba a arewa, kuma wannan ya yi kaɗan. Kuɗin da ka rage daga gajerun zanguna, ka sayi ƙarin darare da shi, ku kwana huɗu ko biyar a arewa, ku kuma zaɓi ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, lokacin da farin wata ba ya dusashe hasken. Ƙauyen Abisko a Suwidin ya yi suna wajen washewar sama. Haka nan ido bai cika ganin launin da ƙarfi kamar yadda kyamarar waya take nuna shi ba, kuma gara ku san haka tun daga gida.

Sanyin can ba sanyin hunturun Jigawa ba ne da bargo da garwashi suke maganinsa. Firizar da masu ƙanƙara suke amfani da ita tana aiki ne a kan digiri 18 ƙasa da sifili, kuma daren Rovaniemi a Janairu da Fabrairu yakan kai haka, wani lokaci ya gangara har 30 ƙasa da sifili. A shekarar 1999 an auna digiri 51.5 ƙasa da sifili a yankin Kittila na Finlan. Tromso, duk da cewa ta fi Rovaniemi nisa a arewa, ta fi sassauci saboda ɗumin ruwan tekun Atilantika da ke ratsa gaɓarta, inda sanyin yakan tsaya 'yan digirori ƙasa da sifili, ko da yake ta fi yawan gajimare, kuma titunanta suna da tudu da santsi. Ana sa tufafi ne hawa uku: na ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, sai babbar rigar da ke tare iska da ruwa a waje, tare da hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai kauri. Kada auduga ta zama ta jikin fata, domin tana riƙe gumi ta huce a jiki. Kamfanonin yawon buɗe ido na can suna ba da hayar manyan riguna da takalma, don haka ba sai ka saya ba. Hijabi yana hawa kan waɗannan tufafi ba tare da matsala ba.

Game da Hajiya, sanyi mai tsanani yana matse jijiyoyin jini har ya ƙara hawan jini, saboda haka lallai ta ga likitanta kafin tafiya, ta riƙe magungunanta a jakar hannu tare da takardar likita. Abin da ya fi zama haɗari ga gwiwarta shi ne santsin ƙanƙara a bakin titi. Ana sayar da ƙusoshin da ake maƙalawa a ƙarƙashin takalmi, kuɗinsu kaɗan ne, amfaninsu mai yawa. Ka nema mata keken guragu a filayen jirgi tun lokacin yankar tikiti, kyauta ne, kuma filin jirgin Frankfurt yana da doguwar tafiya a ƙafa.

Sai biza, inda nake roƙonka ka tsaya tsayin daka. Finlan, Suwidin, Nowe, Denmak da Aislan duk biza ɗaya ce ta Shengen take shigar da mutum, ana kuma nemanta ne daga ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an hana. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa takan zo cikin kwana 15, tana kuma iya kaiwa kwana 45. Dole ne ku je da kanku a ɗauki hoton yatsu, ku riƙe inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar dawowa. Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fi hana wa wannan biza, kuma babu wani mai shirya tafiya da yake da ikon ba da ita. Don haka kada ka biya kuɗin tikiti da otal wanda ba a mayarwa kafin biza ta fito. A kama muku wuri, ko a sayi irin tikitin da ake iya sokewa, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kan abin da zai dawo hannunka idan an hana. Mutanenmu na karkara sukan faɗi ne a wajen hujjar dukiya, domin cinikinsu na tsabar kuɗi ne. Jami'in biza ba ya ganin buhunan da ke rumbunka, takardar banki yake karantawa. Ka riƙa shigar da cinikinka ta asusu tun yanzu, ka haɗa rajistar kasuwanci da takardun gona da shaidar aure, ka kuma guji zuba kuɗi mai yawa a asusu dare ɗaya ana gab da nema, domin hakan zargi yake jawowa. A can ɗin kati ake amfani da shi kusan ko'ina, har akwai shaguna a Suwidin da ba sa karɓar tsabar kuɗi, don haka ka tanadi katin asusun dala.

TAMBAYA: Malam, ɗan'uwana zai kai ni Nowe a cikin Disamba. Yaya ake salla a garin da rana ba ta fitowa, kuma zan iya tafiya da kilishi saboda gudun abincin da ba na halal ba?
Daga wani malamin Islamiyya, karkarar Bichi.

AMSA: Allah gafarta Malam, idan a Oslo za ka zauna, rana tana fitowa ta faɗi kullum, sai dai azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna ƙwarai, har mutum ya iya rasa ɗaya idan ya shiga kasuwa bai lura ba. A can arewa inda rana take ɓuya, malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka yi umarni da a ƙaddara lokutan salla a yinin da ya yi tsawo fiye da ƙima. Wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka. A Tromso akwai masallacin Alnor, ɗaya daga cikin masallatai mafiya nisa a arewacin duniya, kuma abin da ya fi wa baƙo shi ne ya karɓi jadawalin masallacin garin ya bi jama'a, maimakon dogara da manhajar waya, wadda lissafinta yakan rikice a irin wannan wuri. Ka tanadi huffin fata saboda shafa a alwala, ka kuma tuna cewa a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru.

Kilishi kuwa ka bar shi a gida. Dokar ƙasashen Turai, har da Nowe, ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu za a ƙwace su ne a filin jirgi, ana iya kuma cin ka tara. Kifi yana da yawa kuma yana da kyau a Nowe, a Oslo akwai mahautan halal da yawa, musamman a unguwar Gronland, amma ka riƙa tambaya kafin ka ci duk wani naman da aka sarrafa, domin naman alade yana yawan shiga ciki. A jirgin kamfanin Turai kuma, ka sa a yi maka odar abincin Musulmi aƙalla kwana biyu kafin ranar tashi.