Tambaya da Amsa: Na haddace kiɗan Bach, amma ya ƙi yin rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon piyano a nan Yamai, yanzu ina kan Invention ta farko ta Bach, mai Do majeur. Yatsuna sun haddace ta, ba na kuskure, amma malamina ya ce kiɗan ba hawa ba sauka. Takardar kuma babu alamar *forte* (da ƙarfi) ko *piano* (a hankali) ko ɗaya. Ta yaya zan san inda zan ƙara ƙarfi da inda zan sassauta?
Wata ɗaliba daga unguwar Yantala

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Takardarki lafiyarta ƙalau, haka Bach, makaɗin Jamus da ya tsara kiɗan, ya bar ta. A zamaninsa (1685 zuwa 1750) ɗaya daga cikin kayan kiɗa masu maɓalli da aka fi amfani da su shi ne kilabsan, wanda wani ɗan tsinke ke fizgar tsirkiyarsa, don haka ko an danna da ƙarfi ko a hankali, sautin kusan ɗaya ne. Akwai kuma kilabikod, mai ɗan hawa da sauka amma muryarsa ƙasa-ƙasa. Piyano mai guduma, Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a Italiya wajen 1700, bai kuma yaɗu sosai ba sai bayan rasuwar Bach. Duk da haka, a gabatarwar da ya yi wa waɗannan Inventions (gajerun kiɗe-kiɗe na koyo) a 1723, Bach ya nuna cewa yana son ɗalibi ya iya sa abin kiɗan ya yi kamar yana rera waƙa. Ke nan ba kiɗa shimfiɗaɗɗe yake nufi ba. Fasalin yana cikin not-not ɗin kansu, wato sautukan da aka rubuta a takardar, ke za ki tono shi.

Kafin ki taɓa zancen ƙarfi, fara da tsawon not, domin da shi makaɗan wancan zamani suke magana. Ƙa'idar da ta fi amfani ga mai koyo: not masu sauri da ke bin juna taki-taki, a haɗa su; masu tsawo kaɗan, musamman inda aka yi tsalle, a ɗan raba su. A wannan Invention, dubul-kurosh (not mai kwatan bugu) a haɗe, kurosh (mai rabin bugu) a rabe. Rabewar ba tsinkewa ce kamar an taɓa wuta ba: riƙe not ɗin kamar kashi uku cikin huɗu na lokacinsa, sannan ki ɗaga yatsa ba tare da wuyan hannu ya yi tsalle ba. Wannan kaɗai yakan gyara rabin matsalar.

Yanzu dubi jigon, wato ƴar jimlar da ake ta maimaitawa a kiɗan: do re mi fa re mi do sol. Ba a kan bugun farko ya fara ba, akwai ɗan gajeren shiru kafinsa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne dukan do na farko da ƙarfi, saboda babban yatsa ne ke kansa, shi kuwa ya fi sauran nauyi. Do ɗin nan ƙofar shiga ce kawai. Jimlar tana tafiya ne zuwa sol da ke kan bugu na uku, saboda haka ki fara da taushi, sautin ya ɗan cika yana tafe, ki sauka a kan sol da nauyin hannu. Rera shi da baki sau da yawa, duk inda kika ja numfashi ki sa ɗan waƙafi da fensir. Sau da yawa za ki ga waƙafin ya faɗo bayan not na farko na mezir (ɗakin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa), ba a kan layin da ya raba mezir da mezir ba. Wanda ke numfashi a kan layin, kiɗansa yakan fito gunduwa-gunduwa.

A bugu na uku na mezir ta farko hannun hagu yana shigowa da jigon nan dai, a ƙasa. Ki ɗauki hannayen biyu kamar mawaƙi da ƴan amshi, sai dai a nan suna musayar matsayi kowane lokaci: wanda jigo ke hannunsa shi ne a gaba, ɗayan ya ja baya da taki ɗaya. Hagun mai koyo ba ya yarda da wannan cikin sauƙi. Maganinsa: sa metronom (na'urar ƙirga bugu) a 60 ga kowane kurosh, ki kaɗa hagu da cikakken sauti, dama kuwa ta taɓa maɓallan kawai ba tare da ta danna su ba. Mezir biyu-biyu. In ya zauna, ki bar dama ta shigo da ɗan sauti, sannan ki juya aikin.

Sai babban fasali. Kiɗan mezir 22 ne, yana da masauki uku: a farkon mezir ta 7 ya sauka a Sol majeur, a farkon ta 15 a La mineur, sai na ƙarshe a Do. Kewaye su da fensir. A mezir ta 3 da ta 4 jigon ya juye kansa ƙasa, yana maimaituwa yana gangarowa. A nan ki rage sauti mataki-mataki, kowace maimaitawa ta fi ta baya taushi kaɗan. Daga 15 zuwa 18 hannu ɗaya yana riƙe dogon not, ɗayan yana tafiya. Dogon not a piyano mutuwa yake yi, don haka ki ba shi ɗan ƙarin nauyi tun farko, kuma idan zai ci gaba, ki saurari inda sautinsa ya kai kafin ki ɗora. Daga 19 zuwa 20 ana hawa, nan ne ƙololuwa. A ra'ayina, duk tafiyar ta tsaya tsakanin *piano* da *forte* mai ladabi. Dukan da ya dace da kiɗan ƙarni na 19 yana haɗiye muryar hagu, alhali ita ce rabin daɗin abin.

Ɗauki kanki da salula, ki ajiye ta kamar mita biyu daga piyano, ki saurara da takarda a hannu. Abin da kike jin kin bambanta sosai, za ki tarar da ƙyar ake jin sa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni a Tawa nake, ina da Yamaha mai maɓalli 61, ina koyon Minuet mai Sol majeur na littafin Anna Magdalena, matar Bach. Ko na danna yaya, ban jin bambanci. Kuma in an ce a maimaita rabi, haka zan sake kaɗa shi sak? Feda fa?
Wani mai koyo daga Tawa

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Fara duba na'urar. Cikin saitinta nemi inda aka rubuta Touch. In yana kan Fixed ko Off, kowane not zai fito da ƙarfi ɗaya. Mayar da shi Medium. Gwada not ɗaya sau biyar, daga mafi taushi zuwa mafi ƙarfi. In babu bambanci sam, na'urarka ba ta da wannan tsari, to sai ka zaɓi muryar kilabsan ka yi aiki da tsawon not da numfashi, kamar yadda mutanen 1725 suka yi lokacin da aka buɗe wannan littafi. Ba asara ba ce. Amma ka nemi damar taɓa piyano mai maɓalli masu nauyi lokaci-lokaci, don yatsa ya san awon ƙarfinsa.

Minuet ɗin, wanda aka daɗe ana jingina wa Bach, an gano na Christian Petzold ne. Kiɗan rawa ne mai bugu uku: na farko da nauyi, biyu na baya sakayau. Dubi mezir ta 2: re, sol, sol. Masu koyo sukan dirka sol biyun nan, su ne kuwa ya kamata su fi komai sauƙi, gajeru, na biyu ya fi na farko taushi. Mezir huɗun farko hawa suke yi zuwa sol na sama a ta 4, huɗun da ke biye suna gangarowa. A ta 8 akwai ɗan ƙaramin si kafin la: a kan bugu ake kaɗa shi, shi ke ɗaukar nauyin, la ta biyo a hankali. Haka ake yi wa duk not mai karo da hagu, a jingina a kansa, a sassauta inda ya warware.

Maimaitawa kuwa, sauya abu ɗaya kawai: karo na biyu da taushi gaba ɗaya, ko ka fito da hagu a ji tafiyarsa. Sauyin ƙarfi kwatsam tsakanin sashe da sashe ya dace da zamanin, domin kilabsan mai jerin maɓallai biyu haka yake yi, Bach ma ya rubuta *forte* da *piano* a Concerto na salon Italiya na 1735 saboda shi. Feda, wadda ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, bar ta tukuna. Tana cakuɗa not masu bin juna, tana kuma ɓoye yatsan da bai iya haɗa sauti ba.

Tambaya: Malam, takardar kiɗan Bach da na samo a intanet cike take da alamomin ƙarfi da dogayen layukan haɗi, ta abokina babu. Wacce zan bi? Kuma in na zo tiril sai in yi ta sauri.
Wani ɗalibi daga Bukoki, Yamai

Amsa: Alamomin nan na masu gyaran littattafan kiɗa ne na baya, irin su Carl Czerny a ƙarni na 19, ba na Bach ba. Nemi takardar da aka rubuta wa Urtext, wato mai bin asalin rubutun marubucin, ka ɗauki mai alamomin a matsayin shawara, in ta yi maka ka kwafa da fensir.

Tiril (kai-komo da sauri tsakanin not da wanda ke samansa) na zamanin Bach yawanci daga not na sama yake farawa, a kan bugu. Bach ya zana wa ɗansa Wilhelm Friedemann jadawalin waɗannan kwalliya a littafin da ya buɗe masa a 1720. Saurin yana zuwa ne don ba ka yanke yawan not ba. Yanke: huɗu sun isa a kan kurosh, re do re do idan do ne aka rubuta. Kaɗa jimlar babu tiril har bugun hagu ya zauna, sannan ka saka shi da yatsu a manne da maɓalli, ya fi not ɗin da ke kewaye da shi taushi, hagu kuma kada ya jira shi.