Tambaya da Amsa: Da Gaske a Kan Gado Aka Kai Frida Baje Kolinta?

TAMBAYA: Malam, na kalli fim ɗin "Frida" a kan wata mai zane 'yar ƙasar Meksiko, na ga an ɗauko ta da gadonta an kai ta wajen baje kolin zane-zanenta. Shin haka aka yi, ko ƙarin gishiri ne na 'yan fim? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, abin ya faru, sai dai an ɗan yi masa kwaskwarima. A shekarar 1953 aka shirya baje kolin aikin Frida Kahlo ita kaɗai, karo na farko a ƙasarta, a lokacin da likitoci suka hana ta barin shimfiɗa. Motar asibiti ce ta kawo ta, aka kwantar da ita a gadonta wanda aka riga aka ajiye a cikin zauren, daga nan kwance ta gaisa da baƙinta.

Wannan gado yana da tarihi. A watan Satumbar 1925, tana da shekara 18 kuma tana burin zama likita, motar bas da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari, wani ƙarfe ya soke ta ta ƙugu, ƙashin bayanta ya karye. A cikin watannin jinya ne iyayenta suka sa aka yi mata allon zane da za ta iya amfani da shi a kwance, aka maƙala madubi a saman gadon, ta yadda in ta ɗaga ido fuskarta take gani. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na zane-zanenta hoton kanta ne.

Fim ɗin, wanda Julie Taymor ta ba da umarni a 2002, Salma Hayek kuma ta fito a matsayin Frida, ya ci kyautar Oscar biyu, ta kwalliya da ta kiɗa, kuma bai kauce wa manyan abubuwan da suka faru ba. Abin da ke damuna da shi shi ne yadda rigimar aurenta da mai zane Diego Rivera, wanda ta aura a 1929, suka rabu a 1939, suka mayar da aure a 1940, ta cinye yawancin lokacin, alhali matar da aka yi wa tiyata wajen sau 30 ta fi daɗewa tana fama da ciwo fiye da yadda aka nuna. Ki nemi zanenta na 1944, inda ta zana ginshiƙi mai tsatsagewa a madadin ƙashin bayanta, ƙusoshi sun cika jikinta, hawaye na zuba amma idonta a tsaye.

Watanni kaɗan bayan baje kolin aka yanke mata ƙafar dama, ta rasu ranar 13 ga Yulin 1954 tana da shekara 47. Ina kuma jan hankalinki cewa akwai tsiraici a fim ɗin, saboda haka bai dace a kalle shi tare da yara ba.