Tambaya da Amsa: Corolla ta gaji, in sauya inji?

Malam, Corolla ce gare ni ƙirar 2004, ina ɗaukar fasinja daga Agege zuwa Mile 12. Baƙin mai take sha, salansa na hayaƙi shuɗi-shuɗi. In buɗe injin ko in sa wani? — Mai karatu, Agege.

Ɗan'uwa, hayaƙi shuɗi alama ce baƙin mai na ƙonewa, galibi ringin fistin ne ya cinye. Idan bulok bai karce ba, gyara ya isa. In ya karce, ka nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Mushin, ka nemi tokunbo, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, irin naka sak: galibi samfurin 1ZZ-FE ne, lita 1.8. Wani iri daban zai ja maka rigimar waya da ƙwaƙwalwar mota.

Kada ka je kai kaɗai, tafi da makanikenka. Ni da kaina nakan buɗe murfin baƙin man injin da zan saya in haska tocila: in na ga baƙin datti ya daskare kamar kwalta, sai in wuce, komai ƙyallin wankinsa. Ka cire fulogi ka duba.

Ka wanke lagireto kafin a ɗaura injin, gosulon Legas ba ya tausayin inji. Ka karɓi rasit mai lambar injin, ka gyara takardun motarka.