Me ya sa harsashin farauta bai sauko ba bayan dala ta sauka?

Ɗan'uwa, ka ce sidi, kuɗin Ghana, ta farfaɗo amma kuɗin harsashin bindigarka ta farauta a Kumasi yana nan inda yake. Harsashin nan daga waje ake shigo da shi, dillali mai lasisi da dala yake biya. Kaya na isowa tashar jiragen ruwa ta Tema, kwastan ma kan farashin dala suke lissafa haraji. Kuɗin kaya da haraji duka biyu ke nan dala suke bi.

Ka tuna 2022? Dala ta fara shekarar a kusan sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14. Lokacin dillalai ba sa duba nawa suka saya, nawa za su sake sayowa suke dubawa, shi ya sa farashi ya riƙa tashi kusan kowane mako.

Saukowa kuwa sai a hankali. Kwalayen da ke kan kantar dillali da dala mai tsada ya sayo su, kuma kaya ne da ba kowa ke da izinin shigowa da su ba, to wa zai karya masa farashi? Ni dai a ganina har da son riba. Ka jira sabon kaya ya sauka, ka riƙe lasisinka ka zaga shaguna biyu ko uku kafin ka biya.