Tambayi Likita: Me ya sa ƙafata ke mutuwa idan rana ta take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ce a Garwa, shekaruna 31, 'ya'yana uku. Shekara biyu da suka wuce idona na hagu ya dushe har kusan mako uku, ya dawo don kansa, daga baya kuma ƙafata ta dama ta fara minjirya, ina tafiya ina jan ta. Bayan doguwar wahalar neman magani aka tura ni Yawunde, aka yi mini hoton IRM (hoton cikin jiki da ake kira MRI), likita ya rubuta a takardata cewa "sclérose en plaques" ce, ya ce idan na koma gida in nemi kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyara jiki ta hanyar motsa jiki. Tun da bazara ta shigo, da zarar rana ta take sai ƙafar ta mutu, idon ya yi hazo har in kasa zura zare a allura, da yamma kuma in ji dama-dama. Surukata, Allah ya saka mata da alheri, ta hana ni taɓa komai, ta ce mai ciwon jijiya kwanciya ce maganinsa. Shin ciwon ne yake ƙara cina kullum da rana? Motsa jikin da ake faɗa ba zai ƙarasa ni ba? Akwai ƙwayar da ke maganin wannan gajiya? Daga wata mai karatu, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Zan fara da abin da ya fi tayar miki da hankali. Mutuwar ƙafar da kike ji da tsakar rana, wadda ke sakin ki da yamma, ba sabuwar ɓarna ba ce a jikinki. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wata riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma a wannan ciwo na sclérose en plaques, wanda ake kira multiple sclerosis da Turanci, garkuwar jikin mutum ce take kuskure ta dinga cin rigar nan wuri-wuri. Jijiyar da rigarta ta yage tana iya isar da saƙo, amma da ƙyar, don haka idan zafin jiki ya ƙaru ko da rabin digiri ne sai saƙon ya tsaya a hanya, idan jiki ya huce kuma ya ci gaba da wucewa. Wani likitan ido Bajamushe mai suna Wilhelm Uhthoff ne ya bayyana wannan a 1890, bayan ya lura da marasa lafiyar da ganinsu ke dushewa idan sun motsa jiki, kuma fiye da rabin masu ciwon suna fama da shi. Kafin zuwan na'urar hoto har wanka da ruwan zafi ake sa mutum ya yi don a gane ko ciwon ne da shi. To, wadda take zaune a Garwa a watan Maris da Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, kusan kullum tana cikin wannan gwaji ba tare da kowa ya sa ta ba.

Abin da za ki sa wa ido daban ne. Idan wata sabuwar alama ta zo, ko tsohuwa ta tsananta, ta wuce awa 24 ba ta sake ki ba ko da kin sami sanyi, kuma ba ki da zazzaɓi, wannan tashin ciwon ne, kuma a ranar ya kamata likita ya sani, domin akwai allurar da ake yi ta kwana uku zuwa biyar wadda ke gajarta shi. Idan kuwa da zazzaɓi, a fara duba maleriya da ciwon mafitsara, domin su biyun suna ta da tsofaffin alamomi har a zaci ciwon ne ya dawo. Kada ki rage shan ruwa don gudun yawan fitsari, kamar yadda masu wannan ciwo da dama ke yi a ɓoye.

Game da kwanciya, ki gaishe mini da Hajiya surukarki, ki kuma gaya mata cewa shawararta ita ce likitocin Turai da kansu suka yi ta bayarwa shekaru masu yawa bayan Jean-Martin Charcot ya siffanta ciwon a birnin Paris a 1868. Sun ga motsi na sa alamomi su tsananta, sai suka ɗauka ɓarna yake yi, suka ce a huta. Binciken da ya fara juya wannan ra'ayi an yi shi ne a Jami'ar Utah ta Amurka, aka wallafa shi a 1996: mutum 54 masu ciwon aka raba gida biyu, kashi ɗaya suka yi mako 15 suna motsa jiki sau uku a mako, aka tarar ƙarfinsu ya ƙaru, damuwa da gajiya kuma sun ragu. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 45 da suka ƙunshi mutum 2,250, ta ga cewa motsa jiki yana rage gajiya gwargwado, kuma ba a ga alamar yana jawo tashin ciwon ba. Na ce gwargwado da gangan, domin motsa jiki ba ya ɗinke rigar da ta yage. Abin da yake yi shi ne ya hana naman ƙafar da ba a amfani da ita tsotsewa, ya hana gaɓoɓi sandarewa, domin wadda ta yi wata uku a kan katifa za ta tashi da rauni biyu, na ciwon da na kwanciyar, kuma na biyun nan ana iya kauce masa.

Ma'aunin da masana a Kanada suka fitar a 2013 ga masu ciwon da bai yi tsanani ba mai sauƙi ne: minti 30 na motsi matsakaici sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa manyan tsokoki sau biyu a mako. Ba a farawa da minti 30. Ki fara da biyar, ki zaga tsakar gida bayan sallar asuba tun ƙasa na da sanyi, kina dafa bango idan da bukata, sannan ki zauna a kujera mai tsayi ki miƙe ba tare da kin dafa ba, sau biyar, ki huta, ki sake. Idan bayan awa biyu gajiyar ba ta sake ki ba, kin zarce, gobe ki rage. Amfanin ganin kine shi ne ya kalli tafiyarki da idonsa, ya ga ko yatsun ƙafar na jan ƙasa, wanda ke sa tuntuɓe, ya yanke ko kina bukatar abin tallafe idon sawu ko sanda. Ko sau biyu ko uku kika iya biyan kuɗin zuwa, ki roƙe shi ya koya miki da wani na gida abin da za ku ci gaba da yi, kuma a ganina surukar taki ce ta fi dacewa ta raka ki, don ta ji da kunnenta.

Maganar sanyaya jiki kuwa an yi bincike a kanta, kuma sakamakonsa ya yi wa talaka daɗi. A Jami'ar Sydney ta Ostareliya an ba masu ciwon ruwa mai sanyi ƙwarai suna kurɓa yayin da suke tuƙa keken motsa jiki, sai suka daɗe da kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da lokacin da suka sha ruwa mai ɗumi. A can ana sayar da riguna masu aljihun ƙanƙara da tsada, amma ruwan randa, da ƙanƙarar da ake ƙullawa a leda, da jiƙaƙƙen mayafi a wuya, da wanka da ruwan sanyi kafin azahar, duk hanya ɗaya suke bi. Ki dawo da keken ɗinkinki daga ɗakin kwano zuwa rumfar zana ko gindin darbejiya, ki mayar da aikin da ke bukatar ido, kamar zura zare da yanka, zuwa hantsi, girkin wuta kuma ki bar wa wata idan rana ta take. Hutawar da nake goyon bayan Hajiya a kanta ita ce gajeriya, wadda ake yi kafin gajiya ta kayar da mutum.

Sai ƙwayar gajiya. A nan labarin ba shi da daɗi sosai. A 2021 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 141, inda aka gwada magunguna uku da likitoci suka saba rubutawa, wato amantadine da modafinil da methylphenidate, aka tarar babu wanda ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage gajiya, sai dai ƙarin illa. Saboda haka kada ki zubar da kuɗinki wurin aika a sayo miki su daga waje. Ya fi amfani a auna jininki a ga ko ya yi ƙasa, a duba barcinki, a kuma tambaye ki halin da zuciyarki ke ciki, domin kusan rabin masu wannan ciwo suna gamuwa da ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, shi kuma yana da magani. Akwai fampridine, wanda aka amince da shi a Amurka a 2010 don saurin tafiya, amma kusan mutum ɗaya cikin uku kawai yake yi wa aiki, kuma ba a ba mai farfaɗiya ko mai ciwon ƙoda. Idan aka ɗora ki a kan baclofen saboda sandarewar ƙafa, kada ki yanke shi rana ɗaya don ya ƙare, a hankali ake rage shi.

Akwai abu biyu da ba ki tambaya ba, waɗanda zan so ki kai wa likitanki na Yawunde. Na farko, duk abin da na faɗa na rage wahala ne, magungunan da ke rage yawan tashin ciwon kuwa daban suke, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu, cladribine da glatiramer acetate da rituximab, a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, don haka ki tambaye shi wanne ake iya samu kuma nawa ne. Na biyu, tun da ciwonki da ido ya fara, ki tambaye shi ko an yi miki gwajin jini na aquaporin-4. Akwai wani ciwo ɗan'uwan wannan da ke kama jijiyar ido da laka, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma wasu magungunan sclérose en plaques, kamar interferon, suna tsananta shi. Ki tafi da hoton IRM ɗinki da takardar da za ki dinga rubuta ranakun da ƙafar ta mutu da lokacin da ta sake ki.