Me ya sa lemo mai sanyi ya fi riƙe gas?

Malam, ka tambayi abin da ya sa lemon kwalba ke saurin salancewa in ya ɗumama. Gas ɗin iskar kabon dayoksaid ce, kuma ta fi narkewa a ruwan sanyi. In babu ƙarin matsi, lita ɗaya ta ruwa mai digiri 0 a ma'aunin Celsius takan ɗauki kusan giram 3.3 na iskar, amma a digiri 20 da ƙyar take riƙe 1.7. Zafi ke ba ƙwayoyin iskar kuzarin kuɓucewa.

Sai batun matsi. Tun 1803 masanin kimiyya William Henry ya nuna cewa in an ƙara matsi, narkewa ma ƙaruwa take. Shi ya sa ake cusa gas ɗin cikin kwalba da matsi a rufe; da ka ɓalle murfi sai matsin ya faɗi, ka ji "tsss". In kwalbar ta sha rana kuwa, kumfa har hannunka.